Ba A Yanke Wa Na'ura Hukunci Sai Da Shaida

Duk wanda ya yi wayo a farkon shekarar 1975 ba zai manta da kuɗin Udoji ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi bisa shawarar kwamitin da Cif Jerome Udoji ya shugabanta, aka kuma haɗa musu da bashin watannin baya a dunƙule. Akawu da malamin makaranta da masinja suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi babur, wasu kuwa ba abin da ya ɗauke musu hankali sai kayan kiɗa na ƙasar Japan, watau garmaho da rikoda da manyan lasifika biyu, da kuma uwar tafiyar, na'urar nan mai farar fuska da mamurɗai wadda ake kira amfilifaya. Aikinta shi ne ta karɓi 'yar siririyar muryar da allura ta tsinto daga faifai, ta ƙara mata ƙarfi har ta iya girgiza lasifika, ɓangaren dama daban, na hagu daban. Wannan rabon murya gida biyu shi ake nufi da sitiriyo.

Sunayensu sun zauna a bakin mutane kamar sunayen 'yan gida: Sansui, Pioneer, Kenwood, Akai, Technics, Sony. Kamfanonin suna gasar ƙarfi a lokacin, har a 1978 Pioneer ta fito da samfurin SX-1980 mai wat 270 a kowane ɓangare, nauyinsa kuwa ya kai kilo 35. Amma daɗin bai daɗe ba. Farashin man fetur ya faɗi, Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabon kaya ya gagari ma'aikaci. A wannan tsakani ne masu gyara suka ci kasuwarsu, domin abin da mutum ba zai iya sakewa ba dole ya lallaɓa shi. Daga baya faifan CD ya zo, bayansa wayar hannu ta haɗiye kome. Kamfanin Sansui kansa, wanda ya fara da ƙera taransifoma a Tokyo a 1947, ya durƙushe a 2014. Na'urorin dai suna nan, wata a kan durowa, wata a ƙarƙashin gado, sun doshi shekara hamsin, kuma da wuya a sami guda wadda ba ta da ciwon tsufa.

A Agege, cikin unguwar Hausawa ta Legas, ba nisa da hanyar jirgin ƙasa, akwai wani dattijo da har yanzu yake karɓar irin waɗannan marasa lafiya. Mutanen unguwa ba su kiransa da sunansa, sai dai Baba mai rediyo. Ya koyi sana'ar yana saurayi a Sabon Garin Kano, zamanin rediyo mai kwalaben gilashi a ciki, wanda sai ya ɗauki zafi kafin ya yi magana, sa'an nan ya biyo wani kawunsa mai fataucin goro zuwa kudu, zama kuma ya kama shi. Idan aka kira shi likitan rediyo yakan yi murmushi, ya ce aikinsa ya fi kama da na alƙali. A cikin akwati ɗaya akwai ɗaruruwan ƙananan abubuwa, duk ana zarginsu, alhali kuwa sau da yawa mai laifin ɗaya ne tak. Wanda ya kama ciro su yana jefarwa ba tare da shaida ba, a wurinsa, ya zalunci na'ura ya kuma zalunci mai ita.

Wata rana wani matashin magidanci ya sauke wata amfilifaya a ƙofar shagon, naɗe da tsohon bargo. Ta mahaifinsa ce, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya saye ta da kuɗin Udoji, ya kuma riƙe ta har Allah Ya karɓi ransa. Da aka zo rabon gado sai 'yan'uwa suka ce a sayar wa masu awon tsohon ƙarfe, tun da ɓangare ɗaya ya mutu, wani mai gyara kuma ya riga ya ce sai an sake manyan tiransista duka, a kan kuɗin da ya fi ƙarfin gidan. Mahaifiyarsu ce ta ce a dakata. Ba ta faɗi dalili ba, amma kowa a gidan ya san faya-fayan Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos suna nan cikin adakarta, naɗe da zane. Aka ba ɗan mako biyu, in ba ta tashi ba a kai ta sikeli.

"Baba, ku taimaka. An ce mini ɓangaren hagu ya ƙone."

"Wa ya ga ƙunar? Kun ji ƙauri, ko kun ga hayaƙi?"

"A'a, Baba. Shiru kawai ya yi. Sai dai wani lokaci idan aka murɗa ƙara sosai yakan farka, ya yi ta yi, can kuma ya koma."

"To, ɗana, abin da ya ƙone ba ya farkawa. Ajiye ta nan, ka zauna ka gani."

Bai haɗa ta da wuta nan take ba. Bayanta ya fara juyawa ya duba wurin zaɓen ƙarfin lantarki, domin wutar gida a Japan bolt 100 ce, a Amurka 120, a Nijeriya kuwa wajen 230. Na'urorin da aka ƙera don fitarwa ƙasashen waje suna da ɗan maɓallin da ake daidaitawa, amma waɗanda suka shigo ta hanyar gwanjo sau da yawa an yi su ne don ƙaramar wuta, wanda ya soka su a soket kai tsaye ya gama da taransifoma cikin ƙiftawar ido. Ya ciro fis ya duba, ya tarar na asali ne, lafiyarsa ƙalau. Sa'an nan ya kwance murfi, ya sa hanci ya shinshina, ya sa buroshi ya kakkaɓe ƙura da ƙwan kyankyaso. Ya ce a arewa ƙurar hunturu ce take cinye waɗannan na'urori, a Legas kuwa laimar teku ce, mai sa tsatsa da dusashewar ƙarfe. Ba inda ya ga baƙin ƙuna.

Kayan aikinsa na farko abin dariya ne ga wanda bai sani ba: ƙwan lantarki irin na da, mai zaren ƙarfe a ciki, na wat 60 ko 100, wanda ya ɗaura a kan katako ta yadda duk wutar da za ta shiga na'ura sai ta ratsa ta cikinsa. Idan na'urar lafiyayya ce, ƙwan zai haska farat ɗaya sa'ad da manyan kafasita suke cika, sa'an nan ya dushe. Idan kuwa akwai inda wuta take gudu ba ta hanyarta ba, sai ƙwan ya tsaya da haske tar, ya shanye ƙarfin, na'ura ta tsira daga ƙarin ɓarna. Ƙwan zamani na LED ba ya wannan aiki, shi ya sa dattijon yake ɓoye 'yan tsofaffin da suka rage masa a cikin gwangwani kamar mai ajiyar zinariya. Ya kunna. Ƙwan ya haska ya dushe, bayan 'yan sakanni kuma aka ji ƙas daga ciki. Ya ɗauko mita ya auna bakin da ake ɗaura lasifika, domin a nan bai kamata a sami tsayayyar wuta ba sai ɗan abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na bolt ba, fiye da haka sosai yana iya gasa lasifika. Dama da hagu duka suka nuna kusan sifili. Ya dubi matashin ya ce, "Manyan tiransistan da aka yanke wa hukunci, ga shi shaidu biyu sun wanke su."

Daga nan sai ya shiga abin da yake kira sauya wa shaidu wuri. Ya ɗaura lasifikan gwaji, ya sa kaset, hagu ya yi shiru. Ya musanya lasifikan, shirun bai bi lasifika ba, ya tsaya a hagun na'ura, ke nan lasifika ba ta da laifi. Ya musanya wayoyin da suka taho daga rikoda, shirun bai motsa ba, ke nan rikoda da wayoyinta sun fita. Da haka ake ƙuntata wa ciwo wuri, ana raba hanya biyu ana jefar da rabi, har a ritsa shi a lungu. Ya ɗauki wani ɗan siririn itace, ba ƙarfe ba, ya riƙa ƙwanƙwasa abubuwa a hankali ɗaya bayan ɗaya. Da ya taɓa wani ɗan akwatin roba kusa da mafitar lasifika sai murya ta faso a hagu, ya sake taɓawa ta ɗauke.

Wannan ɗan akwati shi ne masu sana'a suke kira rile, makunni ne mai kunna kansa, shi ne kuma ya yi ƙas ɗin da aka ji. Aikinsa gadi ne, ba ya haɗa lasifika da na'ura sai wuta ta daidaita, kuma yana yanke su da zarar ya ga haɗari. Shekaru suna sa bakin ƙarafunansa ya yi wata 'yar baƙar dauɗa. Ƙaramar murya ba ta iya ƙetare wannan dauɗa, amma idan aka murɗa ƙara sai ƙarfin wutar ya huda ta na ɗan lokaci. Abin da matashin ya faɗa tun a bakin ƙofa ke nan, wanda mai gyaran farko bai tsaya ya tambaya ba. Dattijon ya buɗe murfin rile, ya jiƙa 'yar takarda da ruwan wanke makunni, ya ja ta tsakanin ƙarafunan har ta daina fitowa da baƙi. Ya ce ba a sa takardar yashi a nan, domin tana kankare rufin da aka yi wa ƙarfen, gobe ciwon ya dawo fiye da jiya, kuma in an sami sabo mai dacewa, sakewa ta fi. Ya bi sauran makunnai da mamurɗai ya wanke su, musamman maɓallin sauraron kaset, wanda muryar kowane ɓangare take ratsawa ko ba a taɓa shi ba, kuma ya sha kashe ɓangare ɗaya a ɗora wa wani laifin.

Ga mai kunne, kowane ciwo da irin kukansa. Idan aka ji ƙarar-ƙarar sa'ad da ake murɗa ƙara kaɗai, dauɗa ce a kan hanyar gawayin da ke cikin mamurɗi. Idan gurnani ne mai kauri a ɓangarorin biyu, wanda ba ya raguwa ko an mayar da ƙara sifili, to a tuhumi manyan kafasita. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 a sakan, bayan an miƙar da ita kuma tana zuwa ne guntu-guntu sau 100, su kuwa kafasita kamar randa suke a ƙarƙashin famfo mai tsartuwa, suna tarawa suna bayarwa a natse. Akwai ruwan sinadari a cikinsu wanda zafi da shekaru suke busarwa, randa ta zama kasko, sai tsartuwar ta fito a lasifika. Gurnanin da ke zuwa idan an koma kan garmaho kaɗai kuwa, galibi 'yar wayar ƙasa ce ta garmahon aka manta ba a ɗaura ba. Muryar da take ɗaukewa bayan na'ura ta yi zafi takan zama dalma ce ta tsage a gindin wani abu, saboda shekarun kumbura da tsukewa, maganinta kuwa a sake narka ta. Akwai kuma wani gam da wasu masana'antu suka liƙe kafasita da shi, wanda da tsufa yake komawa baƙi, ya ci ƙafafun abubuwan da ke kusa da shi, sai an kankare shi tas.

Waɗannan duk ciwon tsufa ne, ba laifin kowa. Wanda yake ɓata wa dattijon rai shi ne na ganganci. Fis ya tsinke, maimakon a tambayi dalili sai a naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba, ko a ɗaura waya, watau an kori mai gadi an bar ƙofa a buɗe. Ko kuwa ranar biki a jera lasifika huɗu a baki ɗaya. Lasifika mai om 8 idan aka haɗa ta da 'yar'uwarta sun koma 4, idan huɗu ne sun koma 2, wutar da ake ja ta ninka ta sake ninkawa, manyan tiransista su gasu kafin a kai amarya. Sai kuma jabun kaya. An daina ƙera yawancin tiransistan wancan zamani, da dunƙulallun nan masu lamba STK, amma kasuwa cike take da masu ɗauke da lambarsu, ciki kuwa ɗan ƙwayar bai kai na asali ba. Wanda ya ciro na asali mai lafiya ya sa irin waɗannan, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Yakan kuma gargaɗi masu karambani cewa manyan kafasita suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi, sai an sauke ta kafin a sa hannu.

Da hagu ya dawo, matashin ya miƙe zai yi godiya, sai dattijon ya ce ya dakata, ya ƙwala wa yaronsa kira. Almajirin nasa ɗan shekara goma sha bakwai ne, jikan wani amininsa. Aka kashe kaset, aka bar na'ura a kunne, yaron ya kai kunne jikin lasifikar dama ya ce, "Baba, akwai wani shuu a nan, da ɗan tas-tas kamar ana toya gyaɗa." Dattijon ya kai nasa kunnen, ya daɗe, bai ji kome ba. Bai yi musu ba. Ya sa aka murɗa ƙara sama da ƙasa, yaron ya ce bai canza ba, ke nan ciwon yana gaba da mamurɗi. Ya bi ƙananan tiransistan wannan yanki da tabarau, ya tsaya kan wani mai lamba 2SC458 wanda ƙafafunsa suka yi baƙi. Masu gyara a ko'ina cikin duniya sun san wannan lamba da irin wannan tsiya idan ta tsufa. Ya kusantar da ƙarfen narka dalma kusa da shi, yaron ya ce ƙarar ta ƙaru. Aka ciro shi aka sa KSC1845, bayan an tabbatar da jerin ƙafafu, aka yi wa ɗan'uwansa na hagu haka don su daidaita. Yaron ya saurara ya ce shiru. Kuɗin kaya da na aiki duka bai kai abin da za a kira kuɗi ba a gaban wanda aka yanka da farko. Na'urar ba ta je sikeli ba, ɗan ya karɓe ta cikin rabonsa, ya mayar da ita ɗakin mahaifiyarsa.

Abin da ya faru tsakanin dattijon da yaron shi ne damuwar da ba ya faɗa wa kowa. Kunnen yaro lafiyayye yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 a sakan har zuwa wajen sau 20,000, shekaru kuwa daga sama suke fara yanka. Gurnanin kalangu har yanzu yana jin sa sarai, amma siririn shuu da ƙarshen tsinin kuntigi sun fara kuɓuce masa, ga kuma shekara fiye da hamsin da ya yi da kai a bakin lasifika. Mita tana faɗin bolt da om, amma ba ta faɗin ko murya ta yi daɗi. Saboda haka ba ya barin wata na'ura ta bar shagon sai yaron ya saurara ya amince. Ilmin yana kan tsoho, jin yana kan yaro, sana'ar ba ta cika sai sun zauna tare.

Shi kuwa yaron hankalinsa yana kasuwar wayoyi ta Ikeja, inda sa'o'insa suke sake gilashin waya goma a yini su koma gida da kuɗi, alhali nan sai a yi mako ba a kawo amfilifaya biyu ba. Ba za a ga laifinsa ba. Ya faɗa wa dattijon a cikin ladabi cewa bayan Babbar Salla yana so ya tafi. Dattijon bai hana shi ba, bai kuma kai ƙara wurin kakansa ba. Abin da ya ce shi ne, "Ka tafi, Allah Ya yi albarka. Amma ka ba ni Asabar da Lahadi. Lambobin tiransista ba za su bi ka can ba, abin da zai bi ka shi ne ka tambayi mai kaya kafin ka kwance, ka auna kafin ka ciro, kada kuma ka karɓi kuɗin abin da ba ka tabbatar ya lalace ba." Yaron ya amsa. Shi ma yana da abin da yake kawowa, domin littattafan gyara da kamfanonin suka buga a wancan zamani, masu taswirar kowace waya da adadin wutar da ya kamata a samu a kowane wuri, yanzu masu sha'awa sun zuba da yawansu a intanet. Abin da dattijon ya yi shekaru yana zanawa da fensir daga jikin allo, yaron yakan fito masa da shi a waya kafin shayi ya huce.

Ko wannan yarjejeniya ta kwana biyu a mako za ta ɗore, Allah ne Masani. Abin da yake a fili shi ne an ƙera waɗannan na'urori ne ta yadda za a buɗe su, kowane abu da lambarsa, kowane kuma ana iya ciro shi shi kaɗai, shi ya sa a Turai da Amurka da Japan masu neman tsofaffin kaya suke biyan kuɗi mai tsoka a kansu, a daidai lokacin da a nan ake fasa su don ɗan jan ƙarfen taransifoma. Mai karatu da yake da irinta a gida, kada ya soka ta a wuta bayan shekaru tana ajiye don ya ga ko tana yi, kada kuma ya yarda da hukuncin wanda bai tambaye shi kome ba. Ya nemi mai gyaran da zai saurare shi tukuna, tun irinsu ba su ƙare ba, domin da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya ƙara wa dattawan sana'a lafiya, Ya ba su magada masu haƙuri, amin.